Jakar rasit ɗin Alhaji

Yau da hantsi Alhaji ya shigo bironmu na kwantabul, wato masu yi wa 'yan kasuwa lissafin kuɗi, tare da ɗansa da ya gama karatu a Yamai. Shekaru yana kawo mana jaka cike da rasit, wasu har da tabon man gyaɗa, mu kwana muna jera su bisa SYSCOHADA, tsarin lissafin kuɗi da ake bi a Nijar. Yau babu jakar. Yaron ya buɗe waya ya nuna mini cinikin wata uku, shige da fice, komai a lissafe tsaf. Ya ce, "Baba, to me ya rage da za mu riƙa biyan kwantabul?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, don yaron bai yi ƙarya ba.

Alhaji bai tanka masa ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, naira sai rawa take yi. In saro kaya daga Kano yanzu, ko in dakata sai bayan girbi?" Mun fi awa guda a kan wannan, da bashin da yake bin mutanen Dakoro. Ko tara lamba ɗaya ban yi ba. Yaran nan biyu da ke shigar mana da lambobi tun safe har la'asar nake ta tunani, ban taɓa koya musu irin wannan zaman ba.