Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Kakana a Cikin Waya

A makon jiya na tsaya a inda dokar kulle ta korona ta rufe mana shagon ɗinki a 2020, na tattara na koma gida Zariya, ba aiki sai ci da kwanciya. A wannan zaman ne ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya saka mini wasan Minecraft a waya. Da farko raina abin na yi. Duniya ce da komai nata mai kusurwa huɗu ne, ƙasa da itatuwa da tumaki, har rana da wata. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya fara shi a 2009, kuma a 2014 Microsoft ta saye kamfanin wasan a kan dala biliyan biyu da rabi. Da yaron ya faɗi kuɗin sai na gyara zama.

Ya shigar da ni wani dandali inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke gini, kowa da filinsa. Maƙwabcina na dama ya tayar da fadar Turawa mai hasumiya, na hagu jirgin ruwa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne gidan kakana na cikin birni, wanda aka rushe aka zuba bulo ina aji uku a firamare. Ko hotonsa babu wanda ya ajiye.

Dare goma sha ɗaya na yi a kansa, ina jiran wutar Nepa kamar mai jiran albashi. Na yi zaure, na yi shigifa, na ja katanga, na kafa zankwaye a kan soro. Da na gama sai na ɗauki waya na nufi wurin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya yi shekara arba'in yana ginin ƙasa kafin gwiwa ta zaunar da shi.

Ya daɗe yana kallo, ya matso da wayar kusa da ido, ya mayar.

"Kai, wannan ai jera akwatuna ka yi. Wa ya ce maka bango yana tashi a miƙe kamar sanda?"

"Baffa, haka tubalin wasan yake."

"To tubalin banza ne. Namu mai gindi ne, kansa a tsuke, kamar ƙwai. Bango kuma ƙasansa ya fi samansa kauri, in ba haka ba damina biyu ta kwantar da shi."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Azara sai ta giginya, don gara ba ta cinta. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ita ke hana ruwa cin bango. Gini kuma aikin rani ne. Ya ce in har ina son ganin bakan gizo na gaske, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, in je in tsaya a cikin tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, in ɗaga kai. Kunya ta kama ni, don sau nawa na yi salla a wurin ban taɓa ɗaga kan ba.

Bakan gizon nan ya ba ni wahala. Ta yaya za ka lanƙwasa abin da aka halitta da kusurwa? Sai da na riƙa kifa matakala a ƙarƙashin rufi, ɗaya bayan ɗaya, har daga nesa ya yi kama da baka. Daga kusa dai haƙoran zarto ne. Shekara biyu bayan haka, a 2022, masu wasan suka ƙara tubalin laka, wanda sai ka cakuɗa laka da alkama kafin ya yi ƙarfi. Da na gaya wa Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Turawa sun gano amfanin ciyawa a cikin kwaɓi.

Amma wadda ta kashe mini jiki Inna ce. Na zauna kusa da tabarmarta ina zagayawa da ita cikin gidan. Ta ce, "Wannan katangar fa? Gidan yari ka gina?" Na ce haka na santa, doguwa har sama. Ta ce iyakarta kafaɗar babanka, kai ne ƙarami. Tubali shida na jera, ashe biyu sun isa.

Ta gyara mini wurin rijiya, ta ce murhu yana gabas da turmi. Sannan ta sa yatsa a wani lungu da na bari fili.

"Nan akwai ɗaki. A nan na haife ka. A nan kuma yayanka ya rasu, kana goye."

Ban taɓa jin ina da wani yaya namiji ba. Na dube ta, ita kuma wayar take kallo.

"Gina shi," in ji ta. "Ƙofar tana kallon kudu."

Na gina tana zaune. Ba ta bar ni na sa rufi ba sai da ta leƙa ciki. Yadda muka ƙare da ita a daren, da abin da ya sa aka ɓoye mini sunansa shekara talatin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.