Amurka ma ba ɗaya ba ce, Gwaggo

Na zo gida hutun babbar Sallah, muna tsakar gida a Tudun Wada ana suyar nama, sai Gwaggo ta ɗauko zancen maƙwabciyarmu da ciwon daji ya ɗauke bara. Ta juyo ta dube ni. "Kwana ne ya ƙare, amma da a wajenku take, ai da an yi mata abin da ya dace." Na ce, "Gwaggo, wane wajen namu?"

Ni ma da tunaninta na tafi. Aikin jinya ya kai ni jihar Kentaki, wani ƙaramin gari cikin duwatsun Apalaciya, inda masallaci mafi kusa sai na yi tuƙin awa guda. Sanyi da kewar tuwo ban daɗe ba na saba da su. Tarin ne ya ƙi barin kunnena. Dattawa masu ƙirar ƙarfi, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciya a ramin haƙar kwal ko gonar taba, sai ka gan su suna jan tukunyar iskar numfashi a baya kamar akuya a igiya. Akwai wani tsoho da ya kasa faɗin sunana, kullum sai ya ce min "Najeriya". Shekara arba'in yana zuƙar sigari, bai zo asibiti ba sai da ya fara tofar da jini.

Kentaki tana sahun gaba a Amurka wajen mutuwa da ciwon daji, musamman na huhu. Jihar Yuta kuwa tana can ƙasa, kuma babban dalili shi ne da yawa daga mutanenta mabiya cocin Momon ne, addininsu ya hana su taba da giya. Gwaggo ta ce to ai waɗannan 'yan'uwanmu ne, aka yi dariya.

Kayan aikin suna nan fa a Kentaki. Ana yi wa tsoffin mashaya sigari 'yan shekara 50 zuwa 80 hoton huhu duk shekara, jihar kuma ta faɗaɗa inshorar marasa ƙarfi tun 2014. Amma mutumin dutse ba ya son asibiti, kuma babbar cibiyar cutar tana Lekzinton, tafiyar awa biyu ko uku a hanya mai kwana-kwana. A ce kullum ya je gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, har tsawon makonni, wa zai tuƙa shi, wa zai sayi mai? Wasu tun a mako na biyu suke yanke zuwa.

Gwaggo ta yi shiru tana juya nama a kasko. Can ta ce marigayiyar ma asibitin Shika aka tura ta, nan Zariya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma sai da ta yi wata huɗu tana haɗa kuɗi. Ta ƙara da cewa ita gara ita ma, wata da suka haɗu a layi daga Birnin Gwari take zuwa.