Yadda na kaya da pytest, Jest da JUnit a aiki ɗaya

Manhajar da muke haɗawa ta lissafin shago ce, sabar da Python aka rubuta ta, shafin da mai shago ke gani JavaScript ne, ta waya kuma Kotlin, to ni aka ɗora wa rubuta tes na dukkansu, wato ƙananan shirye-shiryen da ke gwada kod ɗin da kansu ba sai mutum ya zauna yana danne-danne ba.

Da pytest, kayan rubuta tes na Python, na fara kuma har yau shi na fi so wallahi. Holger Krekel ne ya faro shi tun 2004, ba ya son dogon surutu, ka rubuta assert kawai, wato layin da ke faɗin sakamakon da kake zato, in abu ya faɗi ya nuna maka abin da ka zata da abin da ya fito. Ga parametrize, tes ɗaya ka loda masa misalai iya son ranka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Jest, na JavaScript, wanda Facebook suka ƙirƙira, shi ma ba laifi. JUnit, wanda na yi tes na Kotlin da shi, shi ne dai ya fi cika ƙa'ida, amma dattijo ne dole a girmama shi, Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta shi a 1997 a cikin jirgi daga Zurich zuwa Atlanta, kuma unittest na Python da PHPUnit duk tsarinsa suka bi. Shi ya sa in ka iya ɗaya sauran ba sa wuya, ka shirya, ka kira, ka duba sakamako, shikenan.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wajen kuɗi. Ka haɗa 0.1 da 0.2 a JavaScript zai ba ka 0.30000000000000004, Python ma haka. Eh akwai toBeCloseTo a Jest da approx a pytest, amma kuɗin mutane ba a cewa “kusan daidai”, sai muka mayar da komai kwabo, lamba cikakkiya, sai an zo nunawa ake raba ta da 100.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Mai shago ya shigar da ƙuli-ƙuli, yaronsa ya nemo kuli-kuli, ba ya fitowa. Dabarar NFD da ake cire wa é alamarta ba ta taɓa ƙ, ɗ, ɓ ko kaɗan, don Unicode, tsarin haruffa na kwamfuta, bai ɗauke su a matsayin harafi da ƙari a kai ba, dole da hannu muka rubuta musanyar. Matsalar ita ce wuri uku za a rubuta ta, kuma wani zai gyara nasa ya manta da na sauran. Sai na zuba duk misalan a fayil ɗaya na JSON, abin da aka shigar da abin da ya kamata ya fito, pytest ya karanta, Jest ya karanta da test.each, JUnit ma haka. Yanzu duk ɓangaren da ya kauce nan take tes ɗinsa yake nuna ja, wato ya faɗi.

Tes na burauza kuwa da Selenium, mai danne-danne a shafi kamar mutum, ƴan kaɗan na bari, shiga da sayarwa da fitar da rasit, don suna cin lokaci kuma intanet na ɗan ja baya sai su faɗi alhali kod ɗin lafiya lau yake.