Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Situdiyo

Ƙannena masu rubuta waƙa, ku ba ni aron kunnuwanku.

A 1955 Chuck Berry, baƙar fata ɗan birnin St. Louis a Amurka, ya tafi Shikago neman wanda zai ɗauki waƙarsa. Wani shahararren mawaƙi mai suna Muddy Waters ne ya tura shi wurin Leonard Chess, mai kamfanin Chess Records. A watan Mayu aka ɗauki "Maybellene", faifan ya yi kasuwa har aka sayar da sama da miliyan ɗaya. Daga baya ne Berry ya gane ashe a takarda su uku ne marubutan waƙar. An saka sunan Alan Freed, mai sanya faya-fayai a rediyo, don ya riƙa kunna ta, da na wani Russ Fratto. Ko baiti ɗaya ba su rubuta ba, amma da su ake raba kuɗin. Sai a 1986 haƙƙin ya dawo masa shi kaɗai. Shekara 31 ke nan.

Da na san labarin nan tun ina ɗan shekara 22, da ban yi abin da na yi ba. Na kai waƙata wani situdiyo, maigidan ya yaba, ya ce, "Ai kai ƙanena ne, tsakaninmu ba ƙidaya." Ya shimfiɗa takarda a kan murfin motarsa, ya miƙo biro. Kunya ta hana ni karantawa, don ya girme ni kuma yaransa na tsaye. Na sa hannu, ya ba ni kuɗin mota. Bayan wata uku na ji waƙar a cikin Adaidaita Sahu, direban yana bi yana kaɗa kai, sunan wani ake kira a farkonta. Har yau abin yana ci mini rai.

Ku karɓi takardar ku tafi da ita gida, wanda ya san doka ya duba muku. A rubuta wa ya tsara baitoci, wa ya rera, kuma kashi nawa ne naku idan ta hau YouTube. Ku riƙe kwafi. Duk wanda ya ji haushi don kun nemi kwana biyu, to, da ma akwai lauje cikin naɗi.

Shi Berry, bayan ya sha wannan ɗaci, ya kasance ba ya hawa dandali sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu tukuna. Wasu sun ce ya cika tsanani. Ni kam ban ga laifinsa ba.