Gyararren farashi ya dace: ga inda lissafin yake karkacewa

'Yan'uwa masu koyo, alhamdu lillahi. Ginshiƙin gyararren farashin hannun jari, wato tsohon farashin da aka gyara don ya yi la'akari da riba da rabon hannun jari, da nake ginawa da hannu a Excel ya zo daidai da wanda shafukan tarihin farashi suke bayarwa, ba abin da ya rage tsakaninsu sai ɗan bambancin zagaye lamba. Ba ƙaramin daɗi na ji ba, domin wannan ginshiƙi ya daɗe ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da tarihin Apple na yi gwajin, saboda yana da dukan abubuwan da ke rikita lissafi, wato raba hannun jari ɗaya gida-gida da biyan masu hannun jari riba sau huɗu a shekara, kuma akwai amsar da mutum zai auna aikinsa da ita.

Kafin a kai ga wannan, sai an tsallake tarkon shigar da fayil ɗin tarihin farashin cikin Excel. Yawancin kwamfutocinmu a nan Garwa, da Marwa har Njamena, Excel ɗinsu na Faransanci ne: waƙafi yake sa wa tsakanin cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, waƙafi mai ruwa kuma yake raba ginshiƙai da shi. Fayil ɗin Amurka kuwa ɗigo yake sa wa a lamba, waƙafi a rabon ginshiƙai. Idan ka danna shi sau biyu kawai ya buɗe, komai zai cunkushe a ginshiƙi ɗaya, ko farashin ya zauna a matsayin rubutu, ya manne a gefen hagu na akwatin, MOYENNE, mai fitar da matsakaici, ta ƙi lissafa shi. Kwanan wata ya fi haɗari, don shi ba ya nuna alamar ciwo: 08/07/2020 a wajensu 7 ga Agusta ne, kwamfutarka kuma za ta karanta 8 ga Yuli, ranakun da suka wuce 12 ga wata su zama rubutu. Maganin shi ne a shigo da fayil ta Données, a zaɓi À partir d'un fichier texte/CSV, a sa yankin ya zama Ingilishin Amurka tun kafin a loda. Sannan a jera ranakun daga mafi tsufa zuwa mafi sabo, domin yawanci a juye suke zuwa.

To, ga tsarin teburin. Ginshiƙin A kwanan wata, B farashin rufewa, C ribar da aka raba a ranar, sifili a sauran ranaku, D ma'aunin gyara, E gyararren farashi. Daga ƙasa ake hawa sama. A layin ƙarshe D ya zama 1. A kowane layi na samansa, misali layi na 2, sai a rubuta =D3*(1-C3/B2), E2 kuma =B2*D2. Ma'anarsa, duk lokacin da aka cire riba, ana rage dukan farashin da ya gabata da kason da ribar ta ɗauka daga farashin rufewar jiya. A ce hannun jari ya rufe a sefa 50,000, washegari aka cire ribar 2,500, ma'aunin zai zama 0.95, kuma duk tarihin baya sai an ninka shi da 0.95.

Tsari mai sauƙi. Amma sakamakon yana tafiya lafiya daga yau har zuwa kakar 2020, daga can sai ya fara zamewa ƙasa da na shafukan, kuma duk yadda aka ƙara komawa baya zamewar sai ƙaruwa take yi. Kafin a kai 2013, lambobin sun zama shirme, kamar kamfanin yana raba wani kaso mai tsoka na darajarsa kowane wata uku. Abin ya ci mini rai ƙwarai, saboda lissafin da ke cikin akwatunan ba shi da aibi ko ɗaya. A bayanan da ake zuba masa gizo ke saƙar.

A ranar 31 ga Agusta 2020 Apple ya raba kowane hannun jari gida huɗu. Ranar Juma'ar da ta gabata, 28 ga wata, ya rufe a dala 499.23. Amma in ka duba ginshiƙin Close a Yahoo Finance, ko abin da GOOGLEFINANCE ta Google Sheets ke fitarwa, 124.81 za ka gani a wannan rana. Wato farashin rufewar da muke zaton ɗanye ne, ashe an riga an gyara masa rabon hannun jari, ribar ce kawai ba a taɓa ba. Jerin ribar da ke cikin sanarwar kamfani kuwa da kuɗin ranar yake zuwa. Ribar Agustan 2020 santi 82 ce, kuma farashin rufewar 6 ga Agusta dala 455.61 ne a lokacin, wanda yanzu ake nunawa 113.90. In ka raba 0.82 da 455.61 za ka samu kusan 0.0018, shi ne daidai. In ka raba 0.82 da 113.90 sai ka samu kusan 0.0072, ka ninka ribar sau huɗu ke nan ba ka sani ba. Dole ribar ma a raba ta huɗu, ta koma 0.205, wanda shi ne ainihin abin da aka biya a Nuwambar 2020 bayan rabon.

Zamewar da ta fi muni a baya kuma daga rabon Yunin 2014 take, lokacin da hannu ɗaya ya zama bakwai. Duk ribar da aka biya daga 2012 zuwa wannan rabo sai an raba ta 28, bakwai sau huɗu. Ta Mayun 2014 dala 3.29 ce, a teburinmu 0.1175 ya kamata ta zauna. Na ƙara ginshiƙi guda na ninkin rabo: 1 daga 31 ga Agusta 2020 zuwa yau, 4 tsakanin rabon biyu, 28 daga 2012 zuwa na 2014, sannan C ta zama ɗanyar riba a raba da wannan ninki. Nan take layina da na shafukan suka hau kan juna a zanen. Ƙa'idar da nake bi yanzu: farashi da riba su kasance a mudu ɗaya, ko duka ɗanye, ko duka gyararru.

Saura ɗan tsalle da ke fitowa na kwanaki kaɗan a kusa da kowace riba. Wannan na ranar da aka ɗora ribar ne. Rana uku ake sanarwa: ranar cire riba, ranar rajista, da ranar biya. A Agustan 2020 sun kasance 7, 10 da 13 ga wata. Farashi a ranar cirewa yake sauka, don wanda ya saya daga ranar ba shi da rabo, saboda haka a layin 7 ga wata ake sa ta, ba a na 13 ba. A lura kuma, tun 28 ga Mayu 2024 da Amurka ta koma kammala ciniki cikin kwana ɗaya, ranar cirewa da ta rajista sun zama rana ɗaya. Kada a ɗauki tsohuwar dabarar rage kwana ɗaya daga ranar rajista a shafa wa duk shekarun.

Wani abu da gyararren farashi ba ya faɗa: yana ɗauka ne an mayar da ribar gaba ɗaya cikin jarin, ba haraji. Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga ribar baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, Najeriya kuma tana cire kashi 10 daga ribar kamfanoninta. Mai son ganin abin da zai shiga aljihunsa sai ya ninka C da 0.70 ko 0.90.

Na so in bar maganar canji zuwa wani mataki, amma ta shigo da kanta, domin da sefa muke ci muke sha. Na dala da sauƙi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka a raba farashin da darajar yuro a dala ta ranar, a ninka da 655.957. Babban Bankin Turai yana bayar da wannan jeri kyauta tun 1999. Ranakun hutunsa ba su dace da na kasuwar Amurka ba, shi ya sa RECHERCHEV ɗin da ke nemo darajar yuron ranar sai ya ƙare da VRAI, ya ɗauko ranar da ta fi kusa a baya, kuma hakan ba ya aiki sai jerin yana daga tsoho zuwa sabo.

Na naira shi ne mai zafi, kuma duk mai kai kaya Mubi ya san shi a jikinsa. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hannun jarin da ya ninka biyu a kasuwar Legas cikin wannan tsakani, in aka juya shi dala, 2 sau 460 a raba da 1,500 ya ba da 0.61. Zanen naira yana haurawa sama, mai shi kuwa ya yi asarar kusan kashi 39. Farashin hukuma da na 'yan canji sun yi nisa da juna kafin 2023, saboda haka a zaɓi ɗaya, a rubuta shi a saman teburi, kada a gauraya.

Yanzu na koma gida, BVMAC, kasuwar hannun jarin ƙasashen tsakiyar Afirka da ke Duwala, wadda ta haɗe da tsohuwar kasuwar Duwala a 2019, inda ake cinikin SOCAPALM, SAFACAM da SEMC. Farashinta a takardun sanarwar kasuwar yake fitowa, sai an buɗe su ɗaya bayan ɗaya an kwafe, kuma sauke su ya cinye mini data ta sefa dubu biyar, abin da har yanzu yake mini ciwo. Lambar da aka kwafo takan zo da ɓoyayyen fili tsakanin dubbai, CNUM, mai mayar da rubutu lamba, ta ƙi ta, sai an wanke da =CNUM(SUBSTITUE(B2;CAR(160);"")). Babbar matsalar dai ita ce ƙarancin ciniki: farashi kan tsaya cak kwana da kwanaki saboda ba wanda ya saya ko ya sayar, ECARTYPE kuma, mai auna girman hawa da sauka, sai ta nuna jarin ba shi da haɗari. Don haka ginshiƙin adadin hannayen da aka yi ciniki ya zama dole, ranar da yake sifili a cire ta daga lissafin hawa da sauka, a auna canjin daga ranar ciniki ta gaskiya zuwa ta gaba.