"To ai da ma can yanayi yana canzawa"

Duk lokacin da na ɗauko zancen ɗumamar duniya, wannan ce amsar da nake fara samu. Gaskiya ne, an yi zamanin ƙanƙara tun kafin a ƙera inji. Amma wancan sauyin dubban shekaru ya ɗauka, na yanzu kuwa saurinsa ne yake tayar mini da hankali. Kafin zuwan masana'antu, iskar kabon dayoksaid, wadda ƙona fetur da kwal ke fitarwa kuma take riƙe zafi, wajen kashi 280 ce cikin miliyan a sararin sama, yau ta haura 420. Tun 1958 ake auna ta a tsaunin Mauna Loa na Hawaii, kuma kowace shekara gaba take yi.

Wasu kuma su ɗora wa rana laifi. Da ita ce, da sama da ƙasa sun ɗumama tare. Abin da awo ya nuna shi ne iskar da ke kusa da mu tana ƙara zafi, ta can ƙololuwa tana ƙara sanyi, domin kabon ya riƙe zafin a ƙasa kamar bargo.

Mai kafa hujja da sanyin mako guda kuwa, don Allah ya dubi lissafin shekara talatin.