Kayana sun shiga Turai, ni na tsaya Istanbul

Ƙarshen 2024 na yi tahiyata ta farko Istanbul, bayan shekaru ina sarin kaya hannun wasu ina zubawa shagona nan Yamai kusa da Gran Marshe. Ni ɗan Tawa ne, kuma kamar kowane gida na Adar muna da namu a waje, yayana na Beljik tun da daɗewa. Shi ya ce mini, ƙanena in ka zo Turkiyya raba kayan biyu, rabi Yamai rabi ka turo Burusel a sa shagon abokina, kai ma ka biyo su mu gaisa. Shekara bakwai rabona da shi. Wallahi da wagga niyya na hau jirgi a filin Diori Hamani, har da ƙullin yaji da kuka da inna ta ce in kai mishi hannu da hannu. A tunanina Turkiyya ƙofar Turai ce, tun ina yaro nike ji a rediyo ana cewa za ta shiga Tarayyar Turai.

Wani yaro ɗan Maraɗi da ke karatu can shi ya yi mini tafinta. Kwana ukku muna yawo unguwar Laleli ina tsintar abaya da takalma, nan dozin biyu can dozin ukku, kuɗi hannu babu faktir, sannan munka tahi unguwar Merter wajen wani mai ɗinkin kayan yara da kwat na saro da yawa wurinshi.

A ofishin kargo aka fara buɗe mini ido. Da na ce wani sashe Beljik za shi, mutumin ya tambaya ina A.TR, ni ko ban taɓa jin sunan ba. Ashe takarda ce da ke nuna kayan sun cika ƙa'idar duwan cikin Turkiyya, da ita suke shiga ƙasashen Tarayyar Turai ba a biya musu kuɗin duwan, saboda yarjejeniyar haɗin kwastan da ke tsakaninsu tun farkon 1996. In babu ita, riga za ta biya wajen kashi 12 cikin ɗari kamar wadda ta fito ko'ina. Kuma mai fitar da kaya ne ke nemanta da faktir ɗinshi, duwan su buga hatimi. To kayan Merter ba matsala, mai su ya saba, kowane wata yana loda wa Jamus. Amma duk abin da na tsinta Laleli bai da takarda ko ɗaya, dole na maida shi cikin kayan Yamai, alhali abayoyin nan su yaya ya fi so. Shi ma abokin yaya sai da ya turo lambar rajistarshi ta kasuwanci kuma ya biya TVA na Beljik kashi 21, don yarjejeniyar duwan kaɗai ta ɗauke, ba ta ɗauke haraji ba. Wani abu da yaron ya ƙara mini, kayan masana'anta ne da abincin da aka sarrafa ke cikinta, ɗanyen amfanin gona da aikin hidima ba su ciki.

Sai maganar ni kaina. Yaron ya dube ni ya ce, kawu bizar da ke fasfonka ta Turkiyya ce kaɗai, ko Bulgariya da ke maƙwabtaka ba ta kai ka, kuma bizar Shengen, wadda ake shiga Beljik da galibin ƙasashen Turai da ita, a ƙasar da mutum ke zaune ake nemanta, baƙon kwana goma ba ya aje dosiye nan. Na yi shiru. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don ba kasuwa ce ta fi damuna ba, yayana nike son gani.

Washegari da munka koma Merter biyan sauran kuɗi, mai ɗinkin ya ga fuskata ya sa aka kawo shayi, yaron ya ba shi labari. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi da kayanshi ke shiga Jamus kullum, an taɓa gayyatarshi baje koli can, kahin ya samu ranar aje takardu har an tashi daga bajen. Sai ya kawo takardun banki, na haraji, na otel, inshora, ya biya yuro 90, kusan jikka 59 namu kenan, in an hana shi kuɗin sun tahi. Direbobin kamyo da ke ɗaukar kayan su ma sai da biza, ga layi a Kapikule, iyakar Turkiyya da Bulgariya, wani lokaci kwana da kwanaki. Kwalin riga ya wuce, wanda ya ɗinka ta ya tsaya. Ni wanga abu bai yi mini kama da adalci ba ko kusa.

Daren nan a masauki na sa yaron ya warware mini tarihin. Yarjejeniyar Ankara tsakanin Turkiyya da ƙungiyar Turai tun 1963, takardar neman shiga ƙungiyar 1987, aka amshe ta matsayin ƴar takara a Helsinki 1999, aka buɗe tattaunawa Oktoba 2005. Tattaunawar babi 35 ce, 16 aka buɗe, ɗaya tak aka rufe, rikicin Kuburus ya tare wasu, zuwa 2018 Turawan da kansu sunka ce magana ta tsaya cik. Maganar ɗauke wa Turkawa biza kuma an fara ta 2013 da sharuɗɗa 72, a Maris 2016 da aka yi yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta yuro biliyan 6 aka ce an kusa, har yau saura shidda, babba cikinsu gyaran dokar ta'addanci. Ɗan Albaniya, ɗan Sabiya, ɗan Yukuren duk suna shiga babu biza, cikin ƙasashen da ke takara Baturke mai fasfo na talaka ne kaɗai ke bin layi.

Ina kwance sai tunanin gida ya zo mini, don mu namu a juye yake. Tun yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ɗan Tawa ke tahiya Abijan ko Legas ba biza, amma buhun albasar Galmi sai ya tsaya shinge nawa kahin ya kai. Yanzu da munka fita daga CEDEAO 29 ga Janairu 2025 muna cikin AES, ƙawancenmu da Mali da Burkina, CEDEAO ta ce a ci gaba da shige da fice yadda aka saba har sai an sake magana, kuma tun abin da na gani Istanbul nike bin labarin nan da kunne biyu, don na gane maganar kaya daban ake rubuta ta, ta mutane daban, kana iya samun ɗaya ka rasa ɗaya.

Duk mai shirin zuwa, don Allah ya amshi faktir ko dozin ɗaya ya saya, kuma ya faɗa wa mai kaya inda kayan za su tun kahin a ɗaure kwali. In da niyyar ƙarasawa Turai, daga nan gida ake fara neman biza wata biyu ko ukku kahin tahiya, kuma tunda ofishin jakadancin Faransa ya rufe farkon 2024 sai mutum ya bincika da kyau inda zai aje dosiyenshi. Duwan ɗinmu kuma bai san wata A.TR ba, kayan Yamai cikakken kuɗi na biya musu da TVA kashi 19, ga shi ta Lome da Burkina sunka biyo saboda iyakar Benin na rufe, sun daɗe bisa hanya ba kaɗan ba.

Na Beljik kuwa ban ma gama huta gajiya ba yaya ya turo mini hotonsu a WhatsApp an jera cikin shago. Ƙullin inna na dawo da shi Tawa, ta amsa ta aje, ta ce in na samu bizar in zo in ɗauka.